NAWA NE KUƊIN DIGIRI? TAMBAYA A KAN KIMIYYAR BAYANAI

Akwai wata tambaya wadda kowane ɗalibi yake yi wa kansa a ɓoye, amma in aka yi ta a bainar jama'a sai ka ga ana ɓata rai kamar an yi saɓo. Tambayar kuwa ita ce, wannan karatu da nake yi, nawa zai kawo mini? Malami ya ji ta sai ya ce yaran zamani ba su san darajar ilmi ba. Uba kuwa, wanda ya sayar da ɗan maraƙinsa ya biya kuɗin rajista, ita ce tambayar farko da zai yi, ita ce kuma ta ƙarshe. Niyyata a wannan ɗan rubutu in ɗauki tambayar nan da muhimmanci, in aza ta bisa fanni guda, watau digirin farko na Kimiyyar Bayanai, wanda a yawancin jami'o'inmu ake haɗa shi da ilmin laburare. Na zaɓe shi ne don babu fannin da ya fi shi nuna inda ma'aunin kuɗi ke faɗin gaskiya da inda yake tauye mudu. Kada mai karatu ya ce ina ruwan ɗalibin Hausa da gonar wasu. Mu da aka fi kowa yi wa tambayar "me za ka yi da shi?" ai mun cancanci mu sa baki.

Da fari dai bari mu san abin da ake nufi da fannin. Kimiyyar Bayanai ilmi ne na tattara abin da aka sani, da tsara shi, da adana shi, da kuma fito da shi ga mai bukata a lokacin da yake bukata. Ko littafi ne, ko fayil na ofis, ko katin marar lafiya a asibiti, ko tarin bayanan da ke cikin kwamfuta, aikin ɗaya ne. Sana'ar kuwa tsohuwa ce ƙwarai. A Bagadaza, wajen shekarar 987, wani mai sayar da littattafai da ake kira Ibnun Nadim ya zauna ya jera sunayen littattafan Larabci da ya sani, fanni fanni, da sunayen mawallafansu, cikin littafin da ake kira Fihrist. Da yawa daga littattafan da ya ambata sun salwanta, ba don jerin nan nasa ba da ko sunansu ba mu ji ba.

A ƙasar nan an fara koyar da aikin a Jami'ar Ibadan, inda aka ɗebi ɗaliban farko a 1960 da taimakon kuɗin Gidauniyar Carnegie ta Amurka. Ra'ayin mutanen Ibadan shi ne, sai mutum ya gama digiri a wani fanni sa'an nan ya zo ya koyi aikin laburare a kai. A Arewa kuwa, bayan rahoton da wani Bature mai suna Sharr ya rubuta a 1963 game da bukatun laburare na Jihar Arewa, sai Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe nata sashen a 1968, ta kuwa saɓa wa Ibadan, ta fara ba da digirin farko a fannin, abin da ba a taɓa yi ba a Nijeriya. An yi ta gardama a kan wannan shekara da shekaru, wasu na cewa Zariya ta zubar da darajar sana'ar, wasu na cewa ƙasar da ba ta da ma'aikata ba ta da halin jiran sai kowa ya yi digiri biyu. Daga baya Jami'ar Bayero ta bi sahun Zariya a 1977, sauran jami'o'i kuma suka biyo. Ashe ke nan gardamar darajar wannan digiri ta girmi duk ɗaliban da ke karanta shi yau.

To, ta yaya masana tattalin arziki suke auna kuɗin digiri? Hanyarsu ba ta da wuyar fahimta, ko tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli ta san ta. Tun da Theodore Schultz da Gary Becker suka baza ra'ayin nan a farkon shekarun 1960, cewa ilmi jari ne kamar injin niƙa ko garken shanu, sai aka riƙa lissafi kamar haka. A tara abin da aka kashe, watau kuɗin makaranta da na littattafai da na masauki. A ƙara da abin da ɗalibi zai samu da a ce aiki ya kama maimakon zaman aji. Sa'an nan a dubi ratar da ke tsakanin albashin mai digiri da na wanda ya tsaya a sakandare, a tsawon rayuwar aikinsu. In ratar ta biya abin da aka kashe har da ƙari, an ci riba ke nan.

Kashi na biyun nan shi ne wanda mu ɗalibai muke mantawa, alhali sau da yawa ya fi kuɗin rajista nauyi. Alal misali, tun watan Yuli na 2024 mafi ƙarancin albashi a doka naira 70,000 ne a wata. Wanda ya samu aikin da ke biyan wannan, a shekara huɗu zai karɓi naira 3,360,000. Ɗalibi ya yafe wannan kuɗi duka ran da ya karɓi takardar shiga jami'a, in har yana da halin samun aikin. Shekara huɗun ma a takarda take. Waɗanda yajin aikin malamai na 2020 ya rutsa da su sun yi wata tara a gida, na 2022 kuma ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Bayan haka ga hidimar ƙasa, inda alawus ya tashi daga naira 33,000 zuwa 77,000 a 2025. In an gama, in Allah ya sa an dace da aikin gwamnati, sai a fara a mataki na 8, daidai da mai digirin Tarihi ko na Hausa ko na Lissafi. Gwamnati dai ba ta tambayar me ka sani, takarda take dubawa.

A Amurka sun kai wannan lissafi matuƙa. Tun 2015 gwamnatinsu ke wallafa abin da tsofaffin ɗaliban kowace jami'a suke samu, daga 2019 kuma aka riƙa rarrabe shi fanni fanni, don yaro ya duba kafin ya ci bashin karatu. A can, mai digirin farko na Kimiyyar Bayanai ba laburare ya nufa ba, don aikin laburare sai da digiri na biyu. Kamfanonin kwamfuta da bankuna da asibitoci ne ke ɗaukarsa, ya tsara musu rumbun bayanai, ko ya gyara yadda mutane ke amfani da manhaja, albashinsa kuwa ya fi kusa da na masu ilmin kwamfuta. A nan kuwa mai digiri mai kusan irin wannan suna yana jiran a buɗe gurbi a laburaren jiha, wanda watakila an shekara goma ba a sayi sabon littafi a cikinsa ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa kuɗin digiri ba a jikin digirin yake ba. Goron da ake rububi a kasuwar Kurmi, kai shi garin da ba a cin goro ka ga ko za a taya.

Kafin in ci gaba, bari in tsaya a kan masu cewa tambayar kanta abin kunya ce. Ra'ayinsu yana da asali mai daraja. Sukuratu na Yunan ya ƙi karɓar ko anini a kan koyarwa, ya kuma zargi malaman zamaninsa masu yawo gari gari suna sayar da hikima. A cikin malaman Musulunci ma an yi saɓani a kan karɓar lada don koyar da Alƙur'ani. Malaman farko na mazhabar Hanafiyya sun hana, Imamu Malik da Imamu Shafi'i sun halatta. Abin lura shi ne, Hanafawan baya sun dawo sun halatta, hujjarsu kuwa ita ce baitulmali ya daina ɗaukar nauyin malamai, in aka ce kada su karɓi lada to karatun ne zai mutu. Watau da can ma ba iska malamin yake sha ba, akwai mai ciyar da shi. A garuruwanmu haka abin yake, malamin zaure yana da gona, almajirai na taya shi noma, ga kuɗin Laraba, ga zakkar attajiran unguwa. Duk inda ka ji an ce ilmi ya fi ƙarfin kuɗi, duba da kyau za ka tarar da wani a gefe yana biya.

Saboda haka ni ban ga laifin ɗan talaka ba in ya tambayi abin da digiri zai kawo masa. Laifi ma yana ga wanda ya hana shi tambaya. Yarinyar da uwarta ta sayar da akuyoyinta, ƙannenta biyar suna jiran ta gama ta ɗauki nauyin karatunsu, in ta zauna ta yi lissafi ba kwaɗayi ba ne, sauke amana ne. Tun da aka kafa asusun ba ɗalibai rance a 2024, tambayar ta daɗa zama wajibi, gama wanda zai ci bashi dole ya san da me zai biya. Mai cewa a yi karatu don karatu kawai, yawanci za ka tarar albashinsa na shiga kowane wata. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, a faɗa wa yaro abin da ke gabansa tun yana aji ɗaya.

Amma yarda da tambaya daban, yarda da amsar da ma'aunin albashi ke bayarwa daban. A nan ne fannin da muke magana a kai ya zama abin nazari, domin hajar da yake sarrafawa, watau bayani, ba ta bin dokar sauran kayan kasuwa. In na sayar maka da buhun gero, ya bar hannuna ya koma naka. In na gaya maka farashin gero a Dawanau, ka samu, ni ma ban rasa ba, kai kuma kana iya gaya wa mutum goma ba tare da ka biya ni ba. Wani masanin tattalin arziki, Kenneth Arrow, ya ƙara gano wata matsalar a 1962. Mai sayen bayani ba zai san darajarsa ba sai an gaya masa, in kuwa aka gaya masa to ya riga ya samu, me zai sa ya biya? Dillalan kasuwar shanu sun san wannan tun kafin a haifi Arrow, shi ya sa suke cinikinsu da yatsu a ƙarƙashin riga.

Ga misali daga maƙwabtanmu. Wata mai bincike, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da wayar hannu ke shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Ta tarar cewa inda waya ta isa, bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili kuwa a fili yake. Da, sai ɗan kasuwa ya hau mota ya yi tafiyar yini kafin ya san farashi a wata kasuwa, yanzu kuwa kira ɗaya ya wadatar, sai hatsi ya riƙa tafiya inda aka fi bukatarsa. Ba a ƙara noma ko damin gero ɗaya ba, bayani ne kurum ya gudana, amma dubban gidaje suka amfana. To, wa ya karɓi ladan wannan amfani? Ya warwatsu cikin jama'a, kowa ya tsinci ƙwaya, babu wanda zai iya tattara shi ya ce ga albashina.

Aikin ma'aikacin bayanai kullum haka yake. Ma'ajin fayil da ya tsara takardun ma'aikata yadda tsoho zai karɓi fanshonsa ba tare da ya shekara yana safa da marwa a sakatariya ba, ya cece shi daga wahalar da ba ta misaltuwa, amma tsohon ba zai taɓa sanin sunansa ba. Mai kula da katunan asibiti da ya sa likita ya ga cewa wannan mata jikinta ba ya karɓar wani magani, ya ceci rai, amma likita za a gode wa. Abin ya kai har ga iyakar ƙasa. Da Kotun Duniya ta yanke hukunci a kan Bakasi a watan Oktoba na 2002, babbar hujjar da ta dogara a kai wata yarjejeniya ce da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1913. Takardar da ta yi kusan shekara casa'in a ajiye ita ta raba gardamar ƙasa mai mutane da kifi da zaton man fetur. Wanda ya adana irin waɗannan takardu a gidan ajiyar tarihi, a Kaduna ne ko a Landan, albashin akawu yake ɗauka. Shi aikin nan ba a ganinsa sai ran da ba a yi shi ba, kamar gishiri a miya.

Ibn Haldun ya lura da wani abu makamancin wannan tun ƙarni na 14. A cikin Muƙaddima ya yi babi guda a kan dalilin da ya sa alƙalai da limamai da malaman makaranta ba su cika yin dukiya ba. Bayaninsa shi ne, abin da mutum ke samu ƙimar aikinsa ce a idon masu bukata, jama'a kuwa sun fi gaggawar biyan wanda bukatarsu gare shi ta matsa. Mai ciwon haƙori ba ya neman ragi wurin mai cirewa. Amma wa ya taɓa farkawa da tsakar dare don bukatar katalogi?

Akwai wani labari da nake so kowane ɗalibin wannan fanni ya sani. Jami'ar Kolombiya ta birnin New York ita ce ta buɗe makarantar koyon aikin laburare ta farko a 1887, a hannun Melvil Dewey, mutumin da lambobinsa ke manne a gadon bayan littattafai a laburare da yawa na duniya. A 1992 jami'ar ta rufe makarantar, bayan Jami'ar Shikago ta riga ta rufe tata. Fanni ne da tsofaffin ɗalibansa ba su da dukiyar da za su yi wa jami'a kyauta, ba ya kuma jawo manyan kuɗin bincike. To, a cikin waɗanda suka yi karatu a makarantar nan ta Kolombiya akwai wani Eugene Garfield, wanda ya fito da dabarar auna muhimmancin maƙalar kimiyya ta hanyar ƙirga sauran maƙalun da suka ambace ta. Shekara shida bayan rufe makarantar, a 1998, wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford, Larry Page da Sergey Brin, suka kafa kamfanin Google bisa dabara mai wannan tushe, watau a auna shafin intanet da yawa da kuma nauyin shafukan da suka yi nuni gare shi. Binciken nasu ma a ƙarƙashin wani shiri na laburaren zamani aka yi shi, da kuɗin gwamnatin Amurka. Ilmin da aka ga bai isa a ci gaba da kashe masa kuɗi ba, shi ne ya zama harsashin ɗaya daga cikin kamfanoni mafi dukiya a duniya.

Masu lissafi sun taɓa yin irin wannan kuskure a kanmu, mun kuwa ɗanɗana kuɗarsa. A shekarun 1980 Bankin Duniya ya dogara ga alƙaluman ribar ilmi, irin waɗanda George Psacharopoulos ya tattara, waɗanda suka nuna cewa kuɗin da aka zuba a firamare ya fi wanda aka zuba a jami'a riba. Sai aka shawarci ƙasashen Afirka su karkata kuɗinsu daga jami'o'i. Wannan ya zo daidai da tsuke bakin aljihun da aka shiga a 1986, darajar naira ta faɗi, laburaren jami'o'inmu suka kasa biyan kuɗin mujallun ilmi daga waje. Malamanmu da suka yi karatu a lokacin suna ba da labarin kantocin da mujallu suka tsaya cak a wata shekara kamar agogon da ya mutu. Sai a shekarar 2000 wani kwamiti da Bankin da UNESCO suka kafa ya fito ya ce lissafin nan ya duba albashin mutum ɗaya ne kawai, ya manta da amfanin da jama'a ke samu daga masu ilmi mai zurfi. Kafin a farga an yi asarar shekara goma sha biyar.

Kada kuma in yi wa fannin kara fiye da kima. Akwai laifin da ke wuyan jami'o'in kansu. Da aka ga kalmar laburare ba ta da kasuwa, sai sassa a ko'ina cikin duniya suka shiga sauya suna, wasu suka ƙara "bayanai", wasu suka share "laburare" ɗungum. Inda sauyin suna ya zo da sauyin karatu, madalla. Inda kuwa allon ƙofa kaɗai aka sake, ɗalibi ya shekara huɗu yana haddace ƙa'idojin katalogi a takarda, bai taɓa gina rumbun bayanai ko guda a kwamfuta ba, sa'an nan aka miƙa masa takarda mai cewa shi masanin kimiyyar bayanai ne, to wannan algus ne, ko da malaman jami'a ne suka yi shi. Michael Spence ya nuna a 1973 cewa sau da yawa mai ɗaukar aiki ba abin da ka koya yake saye ba, alama yake saye, watau takardar tana gaya masa kai wane iri ne. In alama ta yi ƙarya sau ɗaya, sau biyu, kasuwa za ta daina yarda da ita, waɗanda za su biya kuwa su ne ɗaliban baya, har da masu ƙwazon cikinsu. Mai neman shiga sashen yana da hakkin a gaya masa kwamfuta nawa ke aiki a ɗakin gwaji, da kuma inda waɗanda suka gama shekara biyar da ta wuce suke yanzu. Abin mamaki ne a ce sashen da sana'arsa adana bayani ce ya rasa bayanin tsofaffin ɗalibansa.

Yanzu sai mu zo ga wurin da tambayar ta fi tsauri, inda ta tashi daga lissafi ta koma ta halin kirki. Mun ce bayani ba ya kawo kuɗi sosai in an bar shi a buɗe. To, yaushe yake kawowa? Sai an kewaye shi da shinge. Garfield ɗin nan da na ambata ya yi dukiya, ta hanyar kafa kamfani da sayar wa laburare jerin nasa da tsada. Google kuwa bincike kyauta ne, amma abin da ya sani game da mai binciken shi yake juyawa ya zama kuɗin talla. Ka ga ke nan mai digirin Kimiyyar Bayanai yana tsaye a mararraba. In ya bi hanyar buɗe ilmi ga kowa, ɗan sarki da ɗan talaka su zauna a benci ɗaya su karanta, albashinsa kaɗan ne. In ya bi hanyar tattara sirrin mutane a sayar, ko a tsare bayani sai mai kuɗi, albashinsa ya fi. Ilmin ɗaya ne, hannun ɗaya ne.

Ba tatsuniya nake yi ba. Kowa a cikinmu ya san wanda ya taɓa samun saƙo a waya cewa wane ɓarawo ne, ya ci bashi ya gudu. Kamfanonin ba da rance ta waya ne ke kwashe lambobin da ke cikin wayar mai cin bashi, in ya makara kwana biyu sai su tozarta shi wurin surukansa da abokan aikinsa. A 2021 hukumar NITDA ta ci ɗaya daga cikinsu tarar naira miliyan 10 saboda irin wannan, a 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Wani ne ya zauna ya tsara yadda za a kwashe lambobin nan, a jera su, a adana, a fito da su ran da ake bukata. Tattarawa, tsarawa, adanawa, fitarwa, ai su ne rukunan fannin da muka lissafa tun farko. In muka ce darajar digiri ita ce albashin da ya kawo, ba ƙari ba ragi, to dole mu yarda cewa wannan mutum ya fi mai kula da katunan asibiti cin moriyar karatunsa, kuma jadawalin albashi haka zai nuna. Ni dai ban iya haɗiye wannan ba, ban kuma tsammanin mai karatu zai iya.

Sai dai kuma ba daidai ba ne mu tsaya a nan mu ce wa matashi ya zaɓi hanyar kirki ya haƙura da talauci, Allah zai ba shi lada. Wannan ita ce dabarar da aka daɗe ana yi wa malaman firamare, an ga kuwa inda ta kai mu. In amfanin aikin mutum ya warwatsu cikin jama'a har ba ya iya tattara ladansa, to jama'ar ce ke da bashinsa a wuyanta, hanyar biya kuwa ita ce baitulmali. Imamu Gazali ya sa likitanci da lissafi cikin farillan da in babu mai yin su a gari duk garin ya yi laifi. Ina ganin adana abin da al'umma ta sani ya shiga wannan sahu, kuma farillar da ke kan kowa ba a ɗora kuɗinta a kan mutum ɗaya. Dubi yadda muke biyan bashin. An kafa Laburaren Ƙasa da dokar 1964. An ba da kwangilar gina hedkwatarsa a Abuja a 2006, aka yi ta ɗaga ranar gamawa, gini ya shekara fiye da goma sha biyar yana shan rana da ruwa. A 2011 an yi dokar da ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman bayani daga ofishin gwamnati a ba shi cikin kwana bakwai, amma dokar ba ta iya fito da fayil ɗin da gara ta cinye, ko wanda aka jibge a buhu a bayan ofis. Ƙasar da ta yi irin wannan doka tana bukatar dubban masu wannan digiri, a kowace ma'aikata da kowace ƙaramar hukuma. Bukatar tana nan, gurbin aikin ne ba a buɗe ba, jadawalin albashi kuwa gurbi yake ƙirgawa.

Mu ɗaliban Hausa abin ya shafe mu kai tsaye, ko da ba mu lura ba. Duk wanda ya tashi rubuta kundin digirinsa a kan waƙoƙin ƙarni na 19 ya san cewa takardun ajami suna warwatse a gidajen malamai, cikin gafaka da tsofaffin adudai, wasu ruwa ya taɓa, wasu magada sun raba su kamar gona, rabin waƙa a wannan gida rabi a wancan. Waɗanda aka tattara a Gidan Arewa na Kaduna, da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da laburaren jami'o'in Kano da Zariya, an same su ne don wasu sun bi gida gida sun roƙa, sun ɗauki hoto, sun ba kowace takarda lamba. Haka faya-fayen makaɗan da gidajen rediyo suka ɗauka a shekarun 1960 da 1970, waɗanda zaren kaset ɗinsu ke ruɓewa a hankali in ba a juye su ba. A Tumbutu, da masu ɗauke da makamai suka mamaye garin a 2012, ma'aikatan laburare da iyalan masu littattafai, a ƙarƙashin jagorancin Abdulƙadir Haidara, su ne suka riƙa cusa rubuce-rubucen cikin akwatunan ƙarfe, suna fitar da su a ɓoye ta mota da kwalekwale zuwa Bamako. Na cibiyar Ahmad Baba da aka bari a sabon gininta, kimanin 4,000 daga cikinsu an ƙone su ko an sace a watan Janairu na 2013.